Kafin Ka Sayi Kan Jirgi, Tambayi Taragunka

Ɗana,

Saƙonka ya iso. Ka ce ka samu taragun fasinja guda biyar na ƙaramin jirgin nan da kake shimfiɗa wa dogo a kan tebur, saura kan jirgin da zai ja su. Ka kuma ce wani shuɗi mai sulɓin goshi ya shiga ranka a kanti, mai suna Mallard. Madalla. Wanda ya ga Mallard bai ƙyasa ba, sai a duba masa ido. Amma ɗan riƙe kuɗinka tukuna, mu yi magana.

Na san wasu za su ce maka wasan yara ne. Ƙyale su. A can Ingila inda kake, da Jamus, da Amurka, masu furfura sun cika wannan harka. Suna da ƙungiyoyi, suna da mujallu, suna baje koli. Abin da yawancinsu ke nema ɗaya ne. Mutum ya sunkuya ya dubi tebur, ya ga wata rana ta gaske, a wata tasha ta gaske, an ƙanƙantar da ita. Abin da ya fi saurin ɓata wannan kuwa shi ne a haɗa kan jirgi da taragun da ba su taɓa ganin juna a duniya ba.

To, ga abin da nake so ka riƙe. Taragun nan su suka fara shiga gidanka, saboda haka su ne masu gida, kan jirgi baƙo ne. Su za ka tambaya. Tambaya uku ce kacal. A wace shekara kuka yi aiki? A wane yanki? Wane irin aiki? Duk kan jirgin da amsarsa ta zo daidai da tasu, shi ne rabonka.

Mu fara da shekara. Hausawa sun ce zamani riga ne. A jiragen ƙasan Birtaniya kuwa, fenti shi ne rigar. Kafin 1923 kamfanoni ne barkatai, sun haura ɗari, kowa da launinsa. A farkon 1923 aka haɗe su suka zama manya huɗu, wato LNER, LMS, GWR da Southern. Ranar 1 ga Janairu 1948 gwamnati ta karɓe su duka, aka raɗa musu suna British Railways. Duk lokacin da mai gida ya sauya, fenti da tambari da lamba sukan sauya.

Na dubi hoton da ka turo da kyau. Taragunka irin waɗanda ake kira Mark 1 ne, na ƙarfe, an fara fito da su a 1951. Da fari kala biyu ake yi musu, ja a ƙasa, ruwan madara a sama. Daga 1956 aka koma ja mai duhu gaba ɗaya, irin naka. Daga tsakiyar shekarun 1960 kuma shuɗi da ruwan toka suka karɓi fili. Ka ga, ba ka ce komai ba, taragun sun riga sun faɗi shekarunsu. Daga 1956 zuwa ƙarshen shekarun 1960, nan ne gidansu.

Yanzu mu dawo kan masoyinka. Mallard ba ƙaramin abu ba ne. Sir Nigel Gresley ne ya tsara shi. Ranar 3 ga Yuli 1938 ya yi gudun mil 126 a awa, wato sama da kilomita 200, kuma har yau babu kan jirgi mai tururi da ya karya wannan tarihi. A lokacin shuɗi ne, lambarsa 4468, sunan LNER a jikin taragon kwal ɗinsa, ga mayafin ƙarfe ya rufe saman ƙafafunsa. A aikinsa na yau da kullum taragun katako masu sheƙi yake ja. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, aka cire mayafin don makanikai su samu sauƙin aiki, aka shafa masa baƙin fenti. Bayan gwamnati ta karɓa aka ba shi lamba 60022, daga baya ya koma kore mai duhu. Da wannan koren ya yi aiki har aka sallame shi a 1963.

Ka lura da abin da wannan ke nufi? Mallard mai lamba 4468 da mayafi ya tuɓe rigarsa fiye da shekara goma kafin a shafa wa taragunka jan fentin nan. In ka haɗa su, jirgi zai tafi lafiya lau, ba abin da zai karye. Sai dai ranar da ka buɗe littafin hotuna ka gane, daga ranar idonka ba zai sake kwanciya ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Maganin kuma mai sauƙi ne. Ka koma kanti ka tambayi Mallard kore mai lamba 60022. Shi ne dai wanda kake so, da rigar da ya sa lokacin da taragunka ke aiki. Ka dubi tambarin da ke jikin taragon kwal. Na farko zaki ne tsaye a kan ƙafar jirgi. Na biyu, wanda ya shigo a 1956, zaki ne ya fito daga cikin kambi yana riƙe da ƙafar jirgin. Na biyun ya fi dacewa da kai, amma na farkon ma bai ɓace a rana ɗaya ba.

Wannan maganar ta rana ɗaya tana da muhimmanci, bari in ɗan tsaya a kanta. Hukumar jirgi ba ta da kuɗin sake wa komai fenti a wata guda. Sai tarago ya shiga gyara ake sauya masa kala, kuma yakan yi shekaru kafin layi ya zo kansa. Shi ya sa a hotunan 1958 za ka ga ja mai duhu da mai kala biyu a jirgi ɗaya. Har tsofaffin taragun katako na zamanin Gresley za ka gani a tsakani, an lulluɓe su da sabon fenti. Tarago yana da tsawon rai. Saboda haka tsohon tarago a bayan sabon kan jirgi abu ne da ya faru kullum. Sabon tarago a bayan kan jirgin da aka riga aka yanka aka sayar da ƙarfensa, wannan bai taɓa faruwa ba. In ka riƙe wannan kaɗai, ka kauce wa rabin kurakuran da ake yi. A watan Agusta 1968 British Railways ta daina aiki da tururi a manyan layukanta. Dogayen taragun InterCity 125 kuwa sai 1976 suka fara ɗaukar fasinja. Ka ga ba su ga juna a bakin aiki ba.

Kai kam ka yi sa'a, ɗana, ko da ba da niyya ka yi ba. Shekarun taragunka su ne shekarun da tururi da dizal suka zauna tare. A 1955 aka fito da shirin sabunta jiragen ƙasar, dizal ya fara shigowa yayin da masu kwal ke nan da ƙarfinsu. Saboda haka ƙofa biyu ce a buɗe gare ka. In dizal kake so, nemi kore. Irin da daga baya aka kira Class 40 sun fito a 1958. Deltic sun fito a 1961, su 22 ne kawai aka ƙera. Class 47 sun biyo baya a 1962, su kuwa 512 ne, sun cika ƙasa. A wancan lokaci lambarsu da harafin D take farawa. Daga 1962 aka riƙa shafa musu ɗan fenti ruwan ɗorawa a goshi don masu aiki a kan dogo su hango su da wuri, daga baya aka shafe fuskar duka. In ka ga dizal shuɗi mai lamba biyar a jere ba harafi, wannan na 1973 ne zuwa gaba. Kafin nan jan fenti ya kusa ƙarewa a kan dogo.

Ga wani ɗan abu da zai yi maka daɗi. Masana'antar Vulcan Foundry da ta ƙera Deltic, ita ce ta ƙera wasu daga cikin kawunan jirgi masu kwal da aka kawo Nijeriya aka sa musu sunayen koguna. Dogo ya iso Kano a 1911, faɗinsa ƙafa uku da inci shida. Na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya fi shi faɗi. Da wani zai zana maka taragun Abuja a bayan mai kwal ɗin zamanin dalar gyaɗa, ai dariya za ka yi. To, haka ɗan Ingila mai shekaru yake ji in ya ga an cakuɗa masa nasa.

Tambaya ta biyu, yanki. Ɗauko gilashin ƙara girma ka dubi lambar da ke gefen kowane tarago. Akwai harafi a gabanta. E na yankin gabas ne, M na tsakiya da arewa maso yamma, W na yamma, S na kudu, SC na Sikotilan. Ko bayan 1948 kowane yanki ya ci gaba da aiki da kawunan da ya gada. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. In naka E ne, to Mallard da 'yan uwansa, da Flying Scotsman mai lamba 60103, da Deltic, duk 'yan gida ne. Su ke tashi daga tashar King's Cross a Landan su nufi York da Newcastle da Edinburgh. In W ne, nemi irin Castle, waɗanda ke tashi daga Paddington. In M ne, ga Black Five na William Stanier, wanda aka fara ƙerawa a 1934 har suka kai 842. Kudu kuwa ta fi son koren tarago, ba ta cika yin ja ba. In harufan taragunka a gauraye suke, kada ka damu. Akwai jiragen da ke ratsa yanki zuwa yanki. A nan sai ka zaɓi mai yawo, irin Black Five ko Class 47, waɗanda kusan duk inda ka sa su ba mai yi maka gardama.

Tambaya ta uku, aiki. Nan ne masu sabon shiga suka fi ruɗuwa, don girman kan jirgi yana ɗaukar ido. Kai dubi ƙafafu. Mai manyan ƙafafu dokin sukuwa ne, mai ƙananan ƙafafu da yawa takarkari ne. Tsayin ƙafar Mallard ƙafa shida da inci takwas ne, juyi ɗaya ya ci ƙasa mai yawa, don gudu aka yi shi. Irin da ake kira 9F kuwa ƙafafunsa masu ja guda goma ne, kowace tsayinta ƙafa biyar, don jan kwal da tama aka yi shi. Hukumar ma ta sauƙaƙa maka, ta ba kowane iri harafi. P na fasinja, F na kaya, MT mai yin duka biyu. Lambar da ke gaban harafin ƙarfinsa take nunawa. Black Five 5MT ne, tsayin ƙafarsa ƙafa shida, da safe ya ja mutane, da dare ya ja kaya. Ga wanda kan jirgi ɗaya zai iya saye a bana, irin wannan ya fi albarka.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a fenti, amma masana suna dubawa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ƙasar sanyi ce, dole a ɗumama fasinja. A wancan lokaci taragun Mark 1 da tururi ake ɗumama su, ta bututun da ke fitowa daga kan jirgi. Shi ya sa aka sa wa dizal na farko na fasinja 'yar tukunyar tururi a ciki, ba don tafiya ba, don kada mutane su daskare. Su 9F ba a yi musu wannan bututu ba. Duk da haka sun ja fasinja da bazara, lokacin da jama'a ke tururuwa bakin teku. Evening Star, autan masu tururi da British Railways ta ƙera a 1960, shi ma 9F ne, kuma ya ja jirgin Pines Express a 1962. Saboda haka in ka sa 9F a gaban taragunka, ka tabbata itatuwan tebur ɗinka da ganye suke, babu dusar ƙanƙara. Birki ma haka. Tsofaffin taragu birkinsu mai zuƙe iska ne, na baya kuma mai matsa iska. Taragu masu na'urar sanyaya ɗaki da suka shigo a 1971 lantarki suke nema daga kan jirgi, mai kwal ba shi da shi. In wata rana sha'awarka ta karkata Amurka, labarin ɗaya ne. Hukumar jiragen fasinja ta Amtrak ta fara aiki a 1971, taragunta na Amfleet na 1975 lantarki suke so, shi ya sa aka kawo musu kai irin F40PH a 1976.

Kada ka manta da ƙananan abubuwa biyu masu arha. A wancan zamani dole jirgin fasinja ya kasance da tarago mai ɗakin mai tsaron jirgi, inda birkin hannu yake. Duba ko akwai shi cikin biyar ɗinka. Sai fitila. A lokacin jirgi mai sauri yakan ɗaura farare biyu a gaba can ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu. Mai tsayawa kowace tasha ɗaya yake ɗaurawa a sama, ƙarƙashin bututun hayaƙi. Tarago na ƙarshe kuma jar fitila, don mai sigina ya san jirgi ya wuce cikakke, bai bar wani a hanya ba.

Yanzu bari mu sauko daga tarihi mu dubi tebur ɗinka. A ma'aunin OO da aka fi amfani da shi a Birtaniya, kowace ƙafa ɗaya ta gaske milimita huɗu ce. Tarago ɗaya irin naka ya kai kusan santimita 26. Biyar sun haura mita ɗaya da kwata. Ka ƙara Mallard, jirgi ya zarce mita ɗaya da rabi. Dakalin tasharka zai ɗauke shi? In goshi yana barin tasha wutsiya ba ta shigo ba, kyan ya ragu. Sannan kwana. Yawancin manyan kawunan da ake ƙerawa yanzu ba sa son kwanar da ta gaza milimita 438. In taka ta fi haka matsewa, kullum kana cikin ɗaga jirgi daga ƙasa kana mayarwa, har abin ya gundure ka. In wurin ƙarami ne, ba abin kunya ba ne ka ajiye tarago uku, ka ja biyu da ƙaramin kai mai ɗauke da tankin ruwansa a jikinsa. Haka jiragen ƙauye suke a wancan zamani, kuma suna da nasu kyau.

Ka kuma karanta kwali kafin ka biya. OO da HO dogo ɗaya suke hawa, mai faɗin milimita 16.5, amma girman jiki ya bambanta. OO kashi ɗaya ne cikin 76, HO kashi ɗaya cikin 87. In ka jera su, ɗaya zai zama kamar ƙanin ɗaya. Kawunan Märklin na Jamus kuma tsarin wutarsu daban ne, ba za su yi aiki a dogonka ba. Ka tambaya ko kan jirgin na wutar DC ne ko na DCC, ya dace da na'urar da kake da ita. Ka dubi ƙugiyar haɗi, ta tsofaffin kaya ta fi ta yanzu girma. In na hannu za ka saya, ka ce a ɗora shi a dogo ya yi tafiya a hankali, gaba da baya, a gabanka. Gudu kowane inji yana yi, a tafiyar hankali ake gane mai lafiya. Araha ba ta ado.

Kamfanoni irin Hornby da Bachmann sukan rubuta lambar zamani a kwali. Naka shi ne na 5. Wannan taimako ne, amma hoto ya fi shi. Nemi hoton jirgi na gaske mai ɗauke da kwanan wata da sunan tasha, ka ƙirga taragu, ka dubi kan da ke gaba. Ka ziyarci gidan tarihin jiragen ƙasa na York, Mallard yana nan a ajiye, ka gan shi ido da ido. Ka leƙa ƙungiyar masu wannan sha'awa a garinku. Za ka tarar da tsofaffin da suka tsaya a gefen dogo suna yara suna rubuta lambobi a ɗan littafi. Ka gaishe su, ka tambaye su. Za su ba ka fiye da abin da ka nema, har sai ka ce ya isa. Matambayi ba ya ɓata.

In kuma bayan duk wannan zuciyarka ta ce ita dai shuɗin take so, to akwai ƙofa. A 1963 Alan Pegler ya sayi Flying Scotsman, ya mayar masa da tsohon korensa mai haske da lamba 4472, ya riƙa jan jiragen yawon buɗe ido da taragun zamanin. Mallard ma an sake hura masa wuta tsakanin 1986 da 1988, ya fito da shuɗinsa. Har gobe layukan adana tarihi irin North Yorkshire Moors da Severn Valley suna haɗa tsofaffin kawuna da taragun Mark 1. Sai ka ce tebur ɗinka irin wannan layi ne, ranar biki. Ba wanda zai ce ka yi ƙarya. Abin da nake guje maka kawai shi ne ka haɗa cikin rashin sani, daga baya ka ji haushin kuɗinka. Wanda ya sani ya zaɓa, hankalinsa a kwance yake.

Wata rana kai ma za ka ƙware. Za ka ga wani yaro ya ɗaura taragun 1976 a bayan mai kwal yana murna. Kada ka kashe masa gwiwa. Yaba masa tukuna, in ya tambaya ka faɗa masa a hankali. Ilimin da ke korar mutane daga abin da suke so ba shi da amfani.

Kafin ka fita, samu 'yar takarda ka rubuta abu uku: shekara, yanki, aiki. Misali, 1961, layin gabas, jirgi mai sauri. Ka ƙara da awon kwanarka da tsawon tasharka. Ka sa ta a aljihu. Duk abin da mai kanti ya nuna maka, ka auna shi da ita. In bai dace ba, ka yi godiya ka fito, wani zai zo. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma kuɗin cefane daban, kuɗin jirgi daban, kada ɗaya ya shiga hakkin ɗaya. Ka bar yara su riƙa taɓa na'urar suna tuƙawa, ko da za su kayar da shi sau ɗaya ko biyu, ana gyarawa.

Ka gaishe min da mai ɗakinka da yaran. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka dace da na ƙwarai.

Kawunka.